Libarbar Baban Yemima

Mamane mutumin Maraɗi ne, bakanike, yana da ɗan gareji a bayan Wendover Avenue, inda ƙarar motoci ba ta ɗaukewa tun safe har yamma. Sylvanus kuwa mutumin Kagoro ne, ya girme shi da shekara goma sha shida, ya yi aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Greensboro har ya yi ritaya. A kantin kayan abincin Afirka suka haɗu, ranar da su biyun suka kai hannu kan ƙullin daddawa na ƙarshe. Sylvanus ya juya ya ce wa matarsa Liyatu da Hausa wannan mutumin ya riga su, sai Mamane ya amsa masa da Hausa cewa a raba biyu. Tun daga nan kusan kowace Lahadi, in an taso daga coci kuma Mamane ya yi la'asar, sai ya nufi gidansu. Baban Yemima yake kiransa, da sunan 'yarsu tilo.

Sylvanus yana da wani sha'ani da ko a cocinsu ba kowa ya sani ba. Yana tara tsofaffin ƙananan bindigogin soja. Guda goma sha ɗaya gare shi, a cikin akwatin ƙarfe mai tsayin mutum a ƙaramin ɗakin baya. Akwai ta Jamus, akwai ta Rasha, akwai ta Japan mai mummunar ƙira wadda yake cewa saboda muninta ya saye ta. In zai fito da su sai ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya sa farar safar hannu, ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin shekarar da aka ƙera kowace da yaƙin da ta gani. Amma wadda ya fi ji da ita wata libarba ce ta Ingila, Webley, ƙirar 1917, mai nauyi kamar guduma. Shuɗin ƙarfenta bai goge ba, lambobin da ke jikin sassanta duk iri ɗaya ne, kuma Sylvanus ya ce da wuya a samu mai kyanta a hannun mutum irinsa.

Mahaifinsa ya je yaƙin Bama yana odalen wani hafsa Bature. Shekara uku yana goge wa hafsan irin wannan libarba kullum safiya, yana sa mata mai, yana mayar da ita kube, amma bai taɓa harba ta ba ko sau ɗaya, don ba a yarda odale ya yi ba. Har tsohon ya mutu yana iya kwatanta ta da yatsu a iska. Sylvanus ya yi shekara tara yana nema kafin ya sami tasa.

A kan wannan libarba suke jayayya. Mamane ya ce shi abin da ya sani a aikinsa, motar da aka ajiye ta fi wadda ake hawa saurin lalacewa, kuma wanda ya ƙera wannan abu bai ƙera shi don a sa masa safar hannu ba. Sylvanus ya ce ai ba tasa ba ce, riƙo aka ba shi. Ta yi shekara ɗari da wani abu a hannun mutane ba wanda ya ɓata ta, ba shi ne zai ɓata ta ba. In ƙaramin ƙarfe ɗaya ya karye, ko an sami madadinsa lambar ba za ta zo ɗaya ba, shi ke nan ta tashi daga abin tarihi ta koma bindiga kawai. Mamane ya ce to ai bindiga ce. Sai su yi dariya, Liyatu ta leƙo ta ce gwate yana hucewa.

Wata shekara Mamane ya raka shi baje kolin bindigogi. Yayin da Sylvanus ke can yana duba wata da tabarau biyu a hanci, Mamane ya tarar da wani tsoho a ƙarshen layi yana sayar da harsasan da yake ɗurawa da hannunsa a gida, har da irin na Webley, waɗanda ba a cika samu a kanti ba. Ya sayi goma sha biyu a 'yar leda. Don tsokana ya saya. A mota ya ajiye su a cinyar Sylvanus ya ce ga su nan, duk ranar da tsoro ya sake shi. Sylvanus ya yi dariya har da tari, ya kai su gida ya jefa a aljihun tebur. Shekara huɗu suna nan.

Ciwon suga ne ya fara cin idon Sylvanus. Na hagu ya tafi gaba ɗaya cikin shekara guda. Na dama ya rage kamar mai leƙe ta ramin makulli, kuma likita ya ce shi ma tafiya yake, ko wata shida, ko shekara in an yi sa'a. Ya daina tuƙi. Ya daina karanta Littafi a coci. Yemima, wadda ke aikin ba da magani a Charlotte, tana ɗauke da cikinta na fari, haihuwa a Disamba. Ita da mijinta suka yanke shawara iyayen su sayar da gida su koma wurinsu. Sharaɗi ɗaya mijin ya kafa: bindiga ba za ta shiga gidan da za a yi jariri ba. Sylvanus bai yi musu ba. Aka sa wani dillali zai zo ranar Litinin ya duba su ya kwashe.

Ranar Asabar da hantsi, Mamane yana ƙarƙashin wata mota, wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Mamane, ka rufe garejin ka zo ka ɗauke ni. Maman Yemima ta tafi zumuntar mata, sai yamma."

Mamane ya tambaye shi ina za su.

"Wurin Baturen nan naka mai dawaki a Summerfield. Ka ce yana da tudun ƙasa a bayan gonarsa. Ka kira shi."

Mamane ya fito daga ƙarƙashin motar ya zauna a ƙasa da wayar a hannu. Shekara goma sha biyar yana jiran wannan magana, da ta zo kuma sai ya ji ba ya sonta. Amma ya kira Baturen, wanda yake gyara wa a-kori-kura, mutumin ya ce su je, ƙofar baya a buɗe take, shi yana gari, su dai bar dawakin a can nesa.

Ya tarar da Sylvanus a tsaye bakin ƙofa, ya sa rigar sanyi mai toka da hular da yake zuwa coci da ita, da ƙaramar jaka a hammata. A hanya Mamane ya yi ta ƙoƙarin juya shi. Ya ce dillali zai duba cikin bututun bindigar ya gane an harba. Ya ce duk abin da Baban Yemima ke faɗa masa tsawon shekarun nan gaskiya ne, shi tsokana kawai yake yi. Ya ce aƙalla a bari a nemo sababbin harsasai na kamfani. Sylvanus ya ce a ina za a same su kafin Litinin. Ya juya fuskarsa ga taga, inda itatuwa suka yi ja da rawaya, ya ce yana ganin launin amma ba ya ganin ganyen.

"Babana ya goge ta shekara uku bai ji ƙararta a hannunsa ba. Ni na goge tawa shekara ashirin. Jibi wani zai sa ta a akwati, shi ma ya goge. Ina so in ji, Mamane. Sau shida kawai."

Mamane ya so ya juya da motar, amma ya ci gaba da tuƙi har suka isa.

Bayan gonar fili ne mai gajeriyar ciyawa, da tudun jar ƙasa a ƙarshe. Dawaki uku suna can gefen shinge. Mamane ya kafa farantin takarda a jikin tudun, ya auna taku goma, ya kawo Sylvanus ya tsayar. Ya toshe masa kunne, ya toshe nasa. Sylvanus ya buɗe jakar, ya fito da safar hannun, ya riƙe ta jim kaɗan, sai ya mayar da ita aljihu. Da hannu tsirara ya lanƙwasa libarbar ta buɗe a tsakiya, ya jera harsashi shida a gangarta da lalube, ya rufe. Bai iya ganin farantin ba. Mamane ya tsaya a bayansa, ya tallafi gwiwar hannunsa, yana ce masa sama kaɗan, dama kaɗan, tsaya nan.

Harbi na farko ya tayar da ƙasa a ƙasan farantin. Ƙarar ba ta kai yadda Mamane ya zata ba, wata irin ƙara ce mai kauri. Dawakin suka ɗaga kai. Sylvanus ya sauke hannu, bakinsa a buɗe kaɗan, sai ya saki murmushin da Mamane bai gani a fuskarsa ba tun da idon ya fara. Ya ce haka take ashe. Ya sake ɗagawa. Na biyu ya taɓa gefen farantin ya karkatar da shi.

Na uku ba irin su ba ne. Mamane ya ji kamar an mare shi da katako, ya ga wuta ta fito ta inda bai kamata ba. Da hayaƙin ya washe, Sylvanus yana durƙushe, saman libarbar ya tsage ya tashi, gangar ta fashe gefe guda. Jini yana zuba daga yatsunsa biyu. Gilashin tabaransa na dama ya farfashe, jini yana bin kumatunsa yana shiga wuyan riga.

Mamane ya cire rigarsa ya naɗe hannun, ya ɗauke shi kamar yaro ya sa a mota. Ba ya tuna yadda ya yi tuƙi. Abin da yake tunawa shi ne Sylvanus yana ta tambaya ko an ɗauko libarbar, ko an bar ta a ciyawa, shi kuma yana ce masa an ɗauko, alhali ya bar ta a can.

Likitoci sun ɗinke yatsun. Idon kuwa ba su iya yi masa komai ba. Wani ɗan sanda ya zo ya yi wa Mamane tambayoyi, ya rubuta hatsari ne. Daga baya Baturen mai dawaki, wanda ya tsinto bindigar, ya ce masa da alama an ɗura wa harsashi ɗaya albarushi ninki biyu, kuma shi ya sa shi ba ya sayen ɗurin hannun wanda bai sani ba.

Liyatu ta iso asibiti da zanin zumuntar mata a jikinta. Ta shiga ta ga mijinta, ta daɗe, ta fito. Mamane ya miƙe, singileti ne kawai a jikinsa da jini a gaba. Ya buɗe baki zai yi bayani. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Mamane, ka je gida. An gode."

Ya tafi. Matarsa Ousseina ta ce kada ya yarda ya ɗauke ƙafa, ko za a rufe masa ƙofa sau goma. Ta riƙa dafa abinci tana ba shi ya kai. Liyatu takan karɓa a bakin ƙofa, ta yi godiya, ta ce yana barci. A zuwa na huɗu ne ta fito ta ja ƙofar a bayanta. Ta ce masa ta san mijinta yana gaya wa kowa shi da kansa ya matsa a je, har fasto ya gaya wa. Ta san gaskiya ne. Amma shekara goma sha biyar tana jin su ta bango, wa yake zuga wa. Ta ce mutumin nan abu ɗaya ya roƙi Allah, ya bar masa idon nan zuwa Disamba ya ga fuskar jikansa. Wata biyu ya rage. Mamane ya tsaya da kular abinci a hannu. Shi ma lissafin da yake yi ke nan kullum in ya kwanta.

Mako biyu kafin su tashi ta bar shi ya shiga. Falon cike yake da kwalaye. Ƙofar ɗakin baya a buɗe, akwatin ƙarfen babu, sai shatinsa a kan kafet. Dillali ya kwashe goman, ta sha ɗayan ya ce ba ta da amfani ko ga masu sassa. Sylvanus yana zaune a kujera da bandeji a ido da hannu. Ya rame. Da ya ji takun Mamane ya ce ya gane shi, don har yanzu yana warin baƙin mai.

Mamane ya durƙusa gefen kujerar ya ce ya yafe masa. Ya ce shi ya sayi harsasan, shi ya kawo su, shi ya yi tuƙi.

Sylvanus ya juyo da fuskarsa wajen Mamane. Sannan ya tambaya ko na biyun ya sami farantin. Mamane ya ce ya taɓa gefe, ta hagu, kamar faɗin yatsa. Sylvanus ya gyaɗa kai.

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Biyun farko na ji daɗinsu. Amma da na san abin da zan biya, da ban je ba. Ina kwana ina tashi da wannan. Na ɓata abin da aka ba ni riƙo, na ɓata idona." Ya lalubo kafaɗar Mamane da hannunsa mai lafiya. "Sai dai ba kai ka ja kunama ba. Ka tashi, gwiwarka ba ta yaro ba ce."

Mamane ya tashi ya zauna a gefensa. Liyatu ta kawo shayi kofi biyu ta ajiye ta koma kicin.

Sun tashi a tsakiyar Nuwamba. Mamane ya ce zai kawo mota ya taya su kwashe kaya, Liyatu ta ce Yemima ta riga ta ɗauki kamfani. A Disamba aka haifi mace, aka sa mata Treasure. Sylvanus ya kira shi da kansa, ya ce an ɗora masa ita a cinya, ya shafa kanta, gashi gare ta da yawa, kunnenta ƙarami kamar na uwarta. Ya ce kowa yana cewa da shi take kama, shi kuwa sai ya yarda da su. Sai ya ce bari ya ba su Yemima wayar.

Mamane ya ci gaba da kira kowace Lahadi bayan la'asar. Hirar ta riƙa gajarta. Sylvanus ya ce gidan yana da bene, ba ya son hawa da sauka, a ɗaki yake wuni da rediyo. Ba ya zuwa coci, don ba ya son a riƙa jan hannunsa a gaban mutanen da ba su san shi da ido ba. Sau biyu Mamane ya ce zai zo, tafiyar awa ɗaya da rabi ce kawai, Sylvanus ya ce ya bari sanyi ya wuce. A Fabrairu ƙoda ta fara ba shi wahala. A Maris, ranar wata Talata, Yemima ta kira gareji ta faɗa masa da Turanci cewa Daddy ya tafi da asuba, za a yi jana'iza ranar Asabar, kuma Mama ta ce a gaya masa.

Ya je da Ousseina. Suka zauna a layin ƙarshe na cocin, suna tashi in an tashi, suna zama in an zauna. Aka yi waƙoƙi biyu da Hausa, Mamane ya gane ɗaya, don Sylvanus yakan yi ta ƙasa-ƙasa in yana aiki a tebur. A maƙabarta ya tsaya nesa, a ƙarƙashin wata itaciya da ta fara fure.

Bayan an koma gidan Yemima, ya jira mutane suka ragu, sannan ya je ya durƙusa gaban Liyatu ya yi mata gaisuwa. Tana zaune a kan doguwar kujera da baƙin ɗankwali, jaririyar tana barci a gefenta. Ta amsa. Ya yunƙura zai tashi, sai ta ce ya dakata.

"Ban gama jin haushinka ba, Malam Mamane. Ban sani ba ko zan gama. Amma ka zauna."

Ya zauna a bakin kujerar da ke fuskantarta. Ta ce wata biyar tana tambayar mijinta abin da ya faru ran nan, ba ya cewa komai sai tsautsayi ne. Ita tana can tana waƙa da mata, ba ta san ya sa hular coci ya fita ba. Ta ce ranar ce ta ƙarshe da ya ga wani abu a duniya, kuma Mamane kaɗai ke wurin. Tana so ta ji duka, tun daga wayar da ya yi masa, abin da ya ce a mota, yadda wurin yake, ko ya ji tsoro.

Mamane ya dubi Ousseina, ta gyaɗa masa kai. Ya goge fuskarsa da tafin hannu. Ya fara daga inda yake kwance a ƙarƙashin mota, bai tsallake komai ba, har da inda ya so ya juya da motar bai juya ba. Da ya kai wurin murmushin, Liyatu ta rufe bakinta da gefen ɗankwali, ta ce ya sake faɗin wannan. Ya sake. Jaririyar ta farka ta fara kuka, Yemima ta zo za ta ɗauke ta, Liyatu ta ce a bar ta, ta ɗora ta a kafaɗa tana jijjigawa, ta ce masa ya ci gaba.